Dorugu, Yaron Damagaram Da Aka Fara Juya Bishara Daga Bakinsa

Kowace Lahadi in mai karatu ya miƙe a gaban jama'a ya buɗe Littafi Mai Tsarki da Hausa, ba safai waninmu yakan tambayi kansa ta bakin wa wannan magana ta fara shigowa harshenmu ba. In na yi wa 'yan ajin baftisma wannan tambaya, wanda ya fi saura ƙoƙari yakan ce Likita Miller na Wusasa ne, da fassarar 1932. Amsar ba ta da laifi. Amma shekara 75 kafin wannan, wato a 1857, an riga an buga Bisharar Matiyu da Hausa, kuma wanda aka zauna da shi ana tambayarsa kalma bayan kalma yaro ne da bai kai shekara ashirin ba, yana zaune a gidan wani Bature a Ingila, ba uwa ba uba, ba kowa nasa a duk faɗin ƙasar. Sunansa Dorugu. Tarihinsa nake so mu duba a wannan mako.

An haifi Dorugu wajen shekara ta 1840 a wani ƙauye da ake kira Dambanas, kusa da Kance a ƙasar Damagaram, arewa da Daura, cikin abin da yau ya zama Jamhuriyar Nijar. Ubansa manomi ne, makaɗi kuma. Zamanin ba na kwanciyar rai ba ne ga talaka. Damagaram tana ƙarƙashin Barno, tana kai wa Shehu gaisuwa, bayi kuwa suna cikin abin da ake kaiwa. In bukata ta taso, mahayan sarki ba su cika tsayawa bambanta ƙauyen abokan gaba da ƙauyen talakawansu ba. Uwar Dorugu aka fara kamawa, tun yana ƙarami. Bayan wani lokaci hari ya sake faɗo musu, aka kama shi, yana da shekara goma sha ɗaya ko sha biyu, aka kai shi birnin Damagaram, aka raba shi da ubansa. Daga nan ya bi hannu zuwa hannu har Kukawa, babban birnin Barno na wancan zamani, kusa da Tafkin Cadi.

Mu da muka girma a gaban iyayenmu, da wuya mu iya auna abin da wannan tafiya take nufi. Yaro ne da bai taɓa yin nisa da gonar ubansa ba, ga shi a birnin da ake magana da Barbarci, inda ba wanda ya san sunan ubansa, balle ya tambaye shi ko ya ci abinci. Duk abin da ya rage masa na gida, cikin kansa yake: harshen da ya sha a nono, da tatsuniyoyin da ya ji a dandali, da sunayen mutanen garinsu. Bai san cewa wannan guzuri ne wata rana manyan malamai za su yi rigima a kansa ba.

A daidai wannan lokaci akwai Turawa biyu 'yan Jamus a Kukawa, waɗanda gwamnatin Ingila ta aiko su binciken ƙasa. Su uku suka taso daga Tarabulus a 1850, amma shugabansu James Richardson ya rasu a hanya a watan Maris na 1851 kafin ya isa Kukawa. Sauran biyun su ne Dokta Heinrich Barth, wanda ya ɗauki sunan Abdulkarim, da Dokta Adolf Overweg, wanda mutane ke kira Tabib. Tabib ne mutumin nan da ya sa aka ɗauko jirgin ruwa gunduwa-gunduwa bisa raƙuma tun daga bakin bahar, aka harhaɗa shi, ya shiga Tafkin Cadi da shi. Shi ne kuma ya fanshi Dorugu daga hannun ubangijinsa ya 'yanta shi, tare da wani yaro Bamargi mai suna Abbega, wanda ya ɗan girme shi.

To, an 'yanta shi, amma ina za shi? Wannan tambaya ce da masu ba da labarin 'yanta bayi sukan tsallake. Tsakanin Kukawa da Dambanas tafiyar kwanaki ce masu yawa, hanyar kuwa cike take da irin mutanen da suka kama shi tun farko. Yaro shi kaɗai, ba dangi ba maigida, kafin ya yi zango biyu wani zai ɗaure shi ya mayar kasuwa. Saboda haka 'yancin da ya samu na zaɓen wanda zai bi ne, ba na komawa gida ba. Ya zauna tare da Tabib yana yi masa hidima. Ba a daɗe ba kuwa zazzaɓi ya kwantar da Tabib, ya rasu a ƙauyen Maduwari a bakin tafki ran 27 ga Satumba 1852, yana da shekara talatin. Karo na uku ke nan Dorugu ya rasa wanda yake jingina da shi. Shi da Abbega suka koma hannun Abdulkarim.

Tafiyar da ta biyo baya littattafan tarihi sun cika da ita, sai dai da sunan Abdulkarim ake ba da ita. Sun bar Kukawa a watan Nuwamba na 1852, suka bi ta Damagaram, da Katsina, da Wurno inda suka sadu da Sarkin Musulmi Aliyu Babba, da Sakkwato, da Gwandu, suka haye Kwara a Sayi, suka shiga Tambutu ran 7 ga Satumba 1853. Can suka yi watanni cikin haɗari, ba don kariyar Shehu Ahmadu al-Bakka'i ba da wataƙila ba su fita da rai ba. Suka juyo a 1854, ta Gawo da Sakkwato da Kano, suka komo Kukawa a ƙarshen shekara. Duk inda Baturen nan ya sa ƙafa, yaran biyu sun sa, ga kula da raƙuma, ga ɗaurin kaya, ga aike. Abin da ya taɓa ni a nan shi ne, ayarinsu ya ratsa ta ƙasar haihuwar Dorugu, ya kwana a birnin da aka raba shi da ubansa, amma gidan da zai koma ya riga ya watse. Ya ci gaba da tafiya.

A watan Mayu na 1855 suka fuskanci arewa, suka shiga hamada ta hanyar Bilma da Murzuk. Tsohuwar hanyar fataken bayi ce, matafiyan wancan zamani kuwa sun rubuta yadda suka riƙa ganin ƙasusuwan mutane zube a kewayen rijiyoyi. Da ba a fanshe shi a Kukawa ba, mai yiwuwa ita ce hanyar da Dorugu zai bi a ɗaure. Ya bi ta da ƙafarsa a sake, suka isa Tarabulus a ƙarshen Agusta.

Bari in ɗan ratse a nan, gama hamadar ba ta daina cin yara ba. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawa 92 a arewacin Nijar kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. 52 daga cikinsu yara ne, akasarin mutanen kuwa daga yankin Kance suka fito, ƙasar su Dorugu ke nan. A 2016 kaɗai, yara fiye da 25,000 sun sauka Italiya ta bahar ba tare da iyayensu ba. Waɗansu turo su aka yi, waɗansu yaudararsu aka yi, waɗansu kuwa su suka yanke shawara da kansu suka kama hanya. Mai karanta labarin Dorugu kada ya ɗauka tatsuniyar zamanin da ce.

Daga Tarabulus suka shiga jirgin ruwa, suka bi ta Faransa, suka isa Landan ran 6 ga Satumba 1855. Abdulkarim ya tafi da su har garinsu Hambug a Jamus, aka yi ta kallonsu, har aka zana hotonsu su biyu, wanda ya fito cikin babban littafin tafiyarsa. Amma ba su kaɗai ake kallo ba, Dorugu ma yana kallo. Ya lura da jirgin ƙasa, da sanyin ƙasar, da yadda Turawa suke zama cin abinci, da suturarsu, ya ajiye duka a zuci da idon yaron ƙauye wanda ba a cika ruɗinsa ba.

Yanzu muka iso inda labarin ya shafe mu kai tsaye. Akwai wani ma'aikacin Mishan na C.M.S., shi ma haifaffen Jamus, Rabaran James Frederick Schön. Ya yi aiki a Saliyo tun 1832, a cikin bayin da jiragen Ingila suka ƙwato a bahar, a wurinsu ne ya fara koyon Hausa. A 1841 shi da Samuel Ajayi Crowther suka shiga ayarin da ya hau Kogin Kwara, a 1843 kuma ya buga ɗan littafin kalmomin Hausa. Rashin lafiya ya komar da shi Ingila, ya zama limamin wani asibitin sojan ruwa a garin Chatham. Bai taɓa sa ƙafa a ƙasar Hausa ba, amma zuciyarsa tana kan ganin Maganar Allah cikin wannan harshe. Mutumin da yake cikin irin wannan hali, ya ji cewa ga Bahaushe ɗan asali a Landan, kun san ba zai yi barci ba.

Abdulkarim kuwa ya riga ya shirya mayar da yaran Afirka, gwamnatin Ingila ce za ta biya kuɗin jirgi. A farkon 1856 aka kama hanya da su zuwa tashar jiragen ruwa ta Southampton. Ba su tafi ba. Gidan Schön suka ƙare. Abdulkarim ya husata ƙwarai, ya ɗauki abin a kan ƙwace, gama a ganinsa amana ce a wuyansa ya mayar da su inda ya ɗauko su. Schön da mutanensa kuwa suka tsaya a kan cewa yaran ne da bakinsu suka zaɓi zama.

Na daɗe ina juya wannan al'amari a raina, kuma ba zan ɓoye muku ba, ban ga wanda hannunsa ya fita sarai a cikin manyan nan biyu ba. Abdulkarim yana da gaskiya cewa alkawari kaya ne. Amma mayar da su ina? Jirgi zai sauke su a bakin Afirka, daga nan sai hamada, bayan hamada sai ƙasar da ake sayar da irinsu a kasuwa, ga Dorugu ba gidan da yake jiransa. Sau da yawa in babba ya ce a mayar da yaro gida, nauyi yake so ya sauke daga kansa, bai tsaya ya duba ko gidan yana nan ba. Shi kuma Schön, ko da yake bawan Allah ne, kuma mu ne muka ci moriyar aikinsa, dole mu faɗi gaskiya: yana bukatar bakin yaron nan ƙwarai, mai bukata kuwa ba shi ne ya fi dacewa ya ba yaro shawara ba. Yaro ɗan shekara goma sha shida, baƙo, cikin sanyin da bai saba ba, wanda bai mallaki ko anini ba, in babba mai fara'a ya ce masa zauna, yaya ƙarfin a'arsa zai kasance?

Duk da haka kada mu wuce gona da iri har mu mai da Dorugu kamar kayan da ake ja tsakanin mutum biyu. Wannan yaro ya ga Kukawa, ya ga Tambutu, ya ƙetare hamada, ya san abin da ke bayansa fiye da duk Baturen da ke gardama a kansa. In ya auna ya ga karatu da zaman lafiya a gidan Schön sun fi masa komawa bakin kura, to, hankali ya yi, ba ruɗu ba. Abin da ya nuna haka kuwa shi ne, yaran biyu ba hanya ɗaya suka bi ba daga baya. Abbega ya koma Afirka tun 1857. Dorugu ya zauna har shekara takwas. Da a ce tsare su aka yi, da ba a ga wannan bambanci ba.

Abin da aka rasa a Southampton shi ne mutum na uku, wanda ba ya neman kome a wurin yaran, da zai zaunar da su ya ji ta bakinsu. Duniya ta ɗauki shekara fiye da 130 kafin ta rubuta wannan a matsayin haƙƙi. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara, wadda aka amince da ita a 1989, Nijeriya kuma ta karɓe ta a 1991, ta tanadi a sashe na 12 cewa yaron da ya isa yin tunani a ji ra'ayinsa cikin duk abin da ya shafe shi, a ba ra'ayin nauyi gwargwadon shekarunsa da hankalinsa. Ta kuma ɗora wa hukuma kula ta musamman da yaron da ya rabu da iyalinsa. A takarda ke nan. A cikin ikilisiyoyinmu na birni kuwa, ku dubi bencin baya: 'yan mata ƙanana da aka kawo daga ƙauye aikin gida, da samarin da suka biyo motar kaya suka sauka a tasha. Na taɓa zama cikin wata shawara da dattawa a kan wata yarinya irin wannan, ko a mayar da ita ƙauye ko a bar ta, muka yi awa biyu muna magana, yarinyar tana zaune a bakin ƙofa, ba wanda ya tambaye ta, har da ni. Sai da aka watse na gane abin da muka yi.

Mu koma Chatham. Shekarun da Dorugu ya yi a gidan Schön su ne suka haifi aikin. Bayan Matiyu a 1857, aka buga Farawa da Luka a 1858, Fitowa a 1859, littafin nahawun Hausa a 1862. Ko bayan tafiyarsa, abin da Schön ya tara daga bakinsa ya ci gaba da amfani: ƙamus a 1876, Sabon Alkawari a 1880. Ku yi tunanin irin zaman da aka yi. Dattijo da alƙalami, saurayi a gefensa, ana neman yadda za a faɗi alheri, da tuba, da gafara, da fansa. Kalmar fansa kuwa ba a littafi Dorugu ya koye ta ba, a jikinsa aka yi ta a Kukawa.

Fassarar tana da rauninta, ba sai an ɓoye ba. Hausar Dorugu ta ƙauyen Damagaram ce, ya kuma bar gida yana ƙarami, shi kuwa Schön kunnensa bai kama waɗansu sautukanmu ba, rubutunsa bai bambanta su yadda muke yi yau ba. Sa'ad da 'yan Mishan suka shigo ƙasar Hausa daga 1900, sai da suka sake aikin. Amma sun tarar da abin da za su gyara, gyara kuwa ya fi fara haƙa sauƙi.

Ba Littafi Mai Tsarki kaɗai ba. Dorugu ya ba Schön tatsuniyoyi, ya kuma ba shi labarin rayuwarsa tun daga Dambanas har Ingila, Schön yana rubutawa. An buga su a 1885 cikin littafin Magana Hausa. Wannan labari yana cikin zube na farko-farko da aka buga da Hausar boko, kuma yana cikin 'yan kaɗan da yaron da aka bautar a ƙasashenmu ya ba da labarinsa da harshensa. Yawancin abin da muka sani game da ƙuruciyarsa daga nan ya fito. Jami'ar Oxford ta ba Schön digirin girmamawa a 1884 saboda aikinsa na harsuna. Sunansa ne a bangon littattafan. Nakan tuna da 'yar yarinyar nan ta gidan Na'aman cikin Littafin Sarakuna na Biyu, wadda aka kamo daga ƙasarsu, maganarta ta kai maigidanta ga warkewa, amma ko sunanta ba a rubuta ba. Dorugu dai ya fi ta sa'a, nasa sunan bai ɓace ba.

An yi wa yaran biyu baftisma a Ingila, ɗaya ya zama James Henry Dorugu, ɗaya Frederick Buxton Abbega. Ku lura, James da Frederick duk sunayen Schön ne. A matsayina na katikis, wannan wuri yakan sa in yi shiru. Mukan yi murna in yaron da yake cin abincinmu ya ce yana son baftisma, amma wanda yake ƙarƙashin inuwarka da wuya ya ce maka a'a, don haka ya kamata a ninka haƙuri a kan irinsa kafin a kai shi bakin ruwa. Abbega, bayan ya koma, ya koma Musulunci, daga baya ya zama sarkin Lakwaja. Jikansa Maimaina shi ne ya zama sarkin Askira a ƙasar Barno.

Dorugu ya komo Afirka a 1864, yana saurayi mai shekara ashirin da 'yan kai, ya iya Turanci, ya iya karatu da rubutun boko tun kusan shekara arba'in kafin Turawa su ci Kano. Ya yi aikin tafinta wa Turawa dabam-dabam. Da tsufa ya zo, sai ga shi a Kano. A 1909 Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko ta gwamnati a Nassarawa, Dorugu kuwa yana cikin waɗanda suka koyar a wurin, yana nuna wa malamai da 'ya'yan sarakuna yadda ake rubuta Hausa da baƙaƙen da shi ya fara ganinsu a Chatham. A nan Nassarawa ya rasu a 1912, yana da shekara saba'in da 'yan kai.

A 1971 malamai biyu, Anthony Kirk-Greene da Paul Newman, suka juya labarinsa zuwa Turanci, suka buga shi cikin littafi ɗaya tare da labarin rayuwar Maimaina, jikan abokin tafiyarsa Abbega.